Na Ɗauki Kwas Ɗin Tarihin Fim Don Neman Sauƙi, Yanzu Ina Tunanin Janyewa

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, matar aure mai yara biyu, muna zaune a Amurka da maigidana. Ina karatu a wata kwaleji mai shekara biyu, burina in shiga sashen koyon aikin jinya. An ce dole in haɗa da kwas guda daga ɓangaren adabi da fasaha, sai na zaɓi tarihin fim da ake yi ta intanet, a zatona kallo kawai zan yi in kwashi maki. Ko satin farko bai ƙare ba kaina ya ɗau zafi. Takardar tsarin kwas ɗin doguwa ce, na kasa gane kanta. Finafinan da aka ɗora mana baƙi da fari ne, ba a magana a cikinsu, barci nake yi a kansu. Duk sati sai mutum ya yi rubutu a dandalin aji kafin daren Alhamis, ya kuma amsa wa mutum biyu kafin daren Lahadi. 'Yan ajin sai jero sunayen daraktocin da ban taɓa ji ba suke yi, ni kuwa finafinan Indiya da na Hausa kaɗai na sani, har kunya ta hana ni gabatar da kaina. Maigidana ya same ni ina kallo da rana tsaka, ya ce wannan ne karatun da muke biyan kuɗinsa? Ga tsoron kada nan gaba a sa ni kallon abin da bai dace da musulma ba. Anti, in janye ne tun da wuri?

Ƙanwarki a Amurka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana yaran, ya sa albarka a karatun.

Shawarata kada ki janye, kuma zan faɗa miki dalili. Amma akwai abin da ba ya jira, bari in fara da shi. Kwalejoji da yawa a Amurka suna ɗaukar aikin satin farko a matsayin shaidar halarta. A ajin ido da ido malami yana ganin fuskarki ya san kin zo. A ajin intanet kuwa buɗe shafin kaɗai ba lalle ya wadatar ba, sai kin miƙa wani abu da sunanki. Wadda ba ta miƙa komai ba ana iya cire ta a matsayin wadda ba ta taɓa zuwa ba. Wato gabatar da kan nan da kunya ta hana ki, mai yiwuwa shi ne kiran sunan ajinku. Ki rubuta shi yau, ko layi biyar ne. Zan dawo kan abin da ya kamata ki sa a ciki.

Daga nan ki buɗe kalandar kwalejin ki nemo rana biyu, ki rubuta su a inda idonki zai riƙa gani. Ta farko ita ce ranar ƙarshe ta sauke kwas ba tare da ya bar tabo a takardar sakamakonki ba. Yawanci cikin sati na farko ko na biyu take faɗowa, kuma a lokacin ne ake mayar da kuɗi. Ta biyu tana can gaba, ita ce ranar ƙarshe ta janyewa: za a rubuta miki harafin W, ba zai taɓa jimillar makinki ba, amma kuɗin galibi ya tafi ke nan. Idan kina karɓar tallafin karatu na gwamnati, lamarin ya ƙara nauyi, domin ana lissafin tallafin ne da yawan kwasa-kwasan da kika ɗauka, ana kuma so ɗalibi ya kammala kusan biyu cikin uku na abin da ya yi wa rajista. Kin ga ke nan janyewa ba abin da za a yi cikin dare da zafin rai ba ne. Ko da a ƙarshe janyewar za ki yi, sai kin yi magana da mai ba ɗalibai shawara da ofishin tallafi tukuna.

Ita kuwa takardar tsarin kwas, ba a karanta ta kamar littafin labari daga farko zuwa ƙarshe. Abu uku za ki ciro: yadda aka raba maki, ranakun miƙa aiki, da hukuncin wanda ya makara. Ki kwashe ranakun ki zuba a kalandar wayarki da ƙararrawa kwana guda kafin kowace. Ki lura da abin da ya fi maki. Idan rubutun mako-mako ya ɗauki kaso mai tsoka, to wanda ke yin sa a kan lokaci ko da bai ƙware ba ya fi haziƙin da ke tsallake shi. Sannan ki san lissafin da kwalejojin nan suke yi: kwas mai kiredit 3 ana sa ran zai ci wajen awa tara a sati, haɗe da karatu da kallo da rubutu. Kasancewarsa a intanet bai rage ko minti ɗaya ba, ya dai ba ki damar zaɓar lokacin.

Yanzu maganar barci, wadda ita ce zuciyar matsalar. Kina barci ne saboda kina zama gaban finafinan nan da irin idon da kike zama gaban fim ɗin Indiya ranar Asabar, kina jiran labari ya ja ki. Ba zai ja ki ba, don ba abin da aka ɗora miki su dominsa ke nan ba. Mai cin tuwo ya ce miya ta yi daɗi ya wuce, mai koyon girki kuwa sai ta ɗanɗana ta ce daddawa ta yi yawa, ta tambayi yaushe aka zuba kanwa. A wannan ajin ke mai koyon girki ce. Malaminku ba ruwansa da ko fim ya burge ki. Abin da yake so ki gani shi ne: da wane irin kayan aiki aka yi shi, wa ya zuba kuɗi, su wa suka kalla kuma a ina, wa ke da ikon cewa a yanke wani wuri, sannan mene ne a cikinsa wanda ba a iya yi ba kafin shi. Da waɗannan tambayoyin a hannunki, fim ɗin minti ɗaya ma zai ba ki abin rubutawa.

Bari in nuna miki da abin da nake kyautata zaton yana cikin darasinku na farko, domin kusan duk kwas irin wannan daga nan yake tasowa. Ranar 28 ga Disamba 1895, wasu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka haska gajerun finafinai goma ga mutanen da suka biya kuɗi a wani ɗaki na Grand Café da ke Faris. Kowanne bai kai minti ɗaya ba, saboda zaren fim ɗin da na'urarsu ke ɗauka mita 17 ne kacal. An kafe kyamara wuri guda, ma'aikata suna fitowa daga masana'antar gidansu a Lyon, shi ke nan. Kafin su, Thomas Edison da ma'aikacinsa Dickson a Amurka sun yi wani akwati da mutum ɗaya ke leƙawa ta rami ya ga hoto yana motsi. Bambancin akwatin leƙe da haskawa a bango, shi ne bambancin kallon mutum ɗaya da kallon jama'a, kuma daga nan gidan sinima ya samo asali. Shekara bakwai bayan haka, a 1902, Georges Méliès, wanda asalinsa mai wasan siddabaru ne a dandamali, ya yi fim ɗin tafiya duniyar wata. Ya gano cewa in ka tsayar da kyamara, ka janye mutum, ka ci gaba da ɗauka, mai kallo zai ga kamar mutumin ya ɓace. A 1903 Edwin Porter ya yi fim ɗin fashin jirgin ƙasa na kimanin minti goma sha biyu, yana yankawa daga wannan wuri zuwa wancan, mai kallo kuma yana bin labarin bai ruɗe ba. Duk abin da idonki ya saba da shi yau har ba kya lura, a nan ne za ki ga ranar da aka fara gwada shi. Ki kuma sa ido ga sunan Alice Guy, macen da ta fara shirya finafinai a kamfanin Gaumont tun ƙarshen ƙarni na 19, daga baya ta buɗe nata kamfanin a Amurka a 1910. An daɗe ana tsallake ta a littattafan tarihi.

Abu biyu za su rage miki gundura. Na farko, in kin ga mutane suna tafiya da sauri kamar an kunna su, ba haka 'yan kallo na farko suka gan su ba. Da hannu ake juya kyamarar lokacin, tana ɗaukar hoto wajen 16 zuwa 18 a daƙiƙa, alhali tun zuwan sauti aka tsayar da 24. In aka haska tsohon da saurin sabon, sai motsi ya rikice. Na biyu, ba shiru ake kallonsu ba. Akwai mai kaɗa fiyano ko ƙungiyar makaɗa a gaban allo, a Japan ma akwai mutum na musamman da ke tsaye a gefe yana ba da labari yana kwaikwayon muryoyi. Don haka ki nemi kwafin da aka gyara mai kiɗa, ki kalla a kwamfuta ko talabijin, kada a waya kina kwance. Za ki kuma ci karo da labarin cewa mutane sun tsere daga ɗaki da suka ga jirgin ƙasa ya nufo su a allo. Masana tarihi suna shakkar hakan ya faru, kuma fim ɗin jirgin ba ya cikin goman da aka haska a daren farko. In kin kawo wannan a rubutunki, malami zai san ba haddar intanet kike yi ba.

Wurin da nake so ki fi mayar da hankali shi ne satin Rasha. Bayan juyin juya halin 1917 zaren fim ya yi ƙaranci a can, sai wani malami mai suna Lev Kuleshov da ɗalibansa suka riƙa yanka tsofaffin finafinai suna sake haɗawa. Kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, sun ɗauki hoton fuskar wani jarumi wadda ba ta nuna komai, suka haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawa a cikin akwati, sannan da yarinya tana wasa. 'Yan kallo suka yi ta yabon jarumin: ga yunwa a fuskarsa, ga baƙin ciki, ga ƙauna. Alhali fuska ɗaya ce. Ma'anar ba a cikin hoton take ba, a haɗin take. Wannan za ki iya gwadawa da wayarki da fuskar babban yaronki. A 1925 Sergei Eisenstein ya kai dabarar ƙarshe a fim ɗinsa Battleship Potemkin, inda sojoji ke saukowa daga matakalar birnin Odesa suna harbi, keken jariri yana gangarawa shi kaɗai. Kisan bai faru a kan matakalar nan yadda fim ya nuna ba, amma ƙarfin haɗin hoton ya sa mutane da yawa suka ɗauke shi tarihi. Mai yara biyu a zamanin bidiyon da ake yankawa ana yaɗawa a WhatsApp, wannan ilimi ne da za ta yi amfani da shi har tsufa, ko da jinya ce sana'arta.

Ga yadda za ki riƙa kallo. Ki zauna a tebur da littafi da biro. Ki karanta babin satin kafin ki kunna fim, domin ki san abin da kike nema. Ki kalla sau ɗaya ba tsayawa, in dogo ne ki raba shi zama biyu. Sannan ki zaɓi wuri guda, minti biyu ko uku, ki maimaita shi sau uku kina rubuta mintin da abin ya faru: ina kyamara take, daga ina haske ya fito, sau nawa aka yanka, me aka ɓoye mana. Rubutunki na dandali a kan wannan ɗan wurin zai tsaya. “Fim ɗin ya burge ni sosai” ba ya kawo maki. “A minti na 12 kyamara ta matso fuskar matar, ba a nuna mana abin da take kallo ba sai bayan an yanka sau biyu, wannan jinkirin ne ya sa tsoro ya kama mai kallo” yana kawowa, ko da Turancin bai goge ba. Haka amsa wa 'yan aji: kada ki tsaya ga cewa kin yarda, ki ƙara wani wuri da suka tsallake ko ki yi tambaya.

Sai maganar kunya, wadda ta fi damuna a wasiƙarki. Ƙanwata, wa ya gaya miki finafinan Indiya da na Hausa ba tarihin fim ba ne? Dadasaheb Phalke ya fitar da Raja Harishchandra a 1913, shekara biyu kafin The Birth of a Nation, fim ɗin Amurka da za a cika muku kunne da shi. Maza ne suka fito a matsayin mata a ciki, domin a lokacin fitowar mace a fim abin kunya ne a Indiya, kuma wannan muhawara ce da ke 'yar Kano kin san ta ciki da bai. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara na 1931, ya zo da waƙoƙi bakwai, tun daga ranar waƙa ta zauna daram a finafinansu. In malami ya zo kan yadda sauti ya canza fim bayan The Jazz Singer na 1927, 'yan ajinki za su kawo misalin Amurka duka, ke kaɗai ce za ki iya cewa ga abin da sauti ya haifar a Bombay, ga kuma yadda ya zagayo har ya shigo finafinan garinmu.

Garin naki ma yana cikin labarin. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937. Gwamnatin mulkin mallaka kuma tana yawo da motar majigi ƙauye-ƙauye tana haska finafinan tsafta da noma, tana koya wa talakawa yadda take so su ɗauke ta. 'Yan kasuwa Kwarori masu gidajen sinima ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya, jama'a suka karɓe su hannu biyu. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai aka gano zarensa a wani tsohon ɗakin ajiya a Najeriya, aka gyara, aka haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan ya dace da darasin ɓatan finafinai da za ku yi, domin rahoton Laburaren Majalisar Amurka na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na manyan finafinan Amurka marasa magana sun ɓace gaba ɗaya, shi ma Alam Ara ba a da kwafinsa. A Nijar, Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, da fim a kan auren mace fiye da ɗaya. A 1990 kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, masana'antar da kika tashi a cikinta ta fara ke nan. In kuka zo satin Italiya bayan yaƙin duniya na biyu, za ki ga daraktoci sun fito titi da kyamara saboda ba kuɗi, babban situdiyon Rum kuma ya zama sansanin 'yan gudun hijira, har Vittorio De Sica ya ɗauko ma'aikacin masana'anta ya sa shi jarumin fim ɗinsa na ɓarayin keke a 1948. Wadda ta ga yadda aka yi fim a unguwannin Kano da kyamara ɗaya da gidan aro za ta fahimci wannan tun kafin malami ya rufe baki.

To abin da za ki rubuta ke nan a gabatarwa: ke 'yar arewacin Najeriya ce, kin tashi kina kallon finafinan Indiya da na harshenki, kina shirin karatun jinya, finafinai marasa magana baƙi ne a wurinki kuma kina son gane su. Shi ke nan. Su masu jero sunayen daraktoci, a bar su su jero. Jarrabawa ba a kan yawan sunayen da mutum ya sani kafin ya shigo take ba.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba amma ina so ki shirya masa, don kada ya same ki ba zato. Kusan tabbas za a kawo muku The Birth of a Nation na D. W. Griffith, 1915, ko dai duka ko wani yanki. Fim ne na wajen awa uku da ya nuna baƙar fata a matsayin dabbobi masu haɗari, da yawansu Turawa ne aka shafa wa baƙi a fuska, ya kuma mayar da 'yan ta'addar Ku Klux Klan jarumai. An haska shi a fadar shugaban Amurka, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP ta yi ta fafutukar a hana shi, kuma a shekarar ne ƙungiyar Klan ta sake farfaɗowa. Ana koyar da shi ne saboda girman tasirinsa a dabarun ɗauka da haɗa hoto, da kuma ɓarnar da ya yi da su. Zai ɓata miki rai, kuma daidai ne ya ɓata. Kada ki haɗiye. Ki rubuta abin da kika gani da hujja, minti da minti. Ki kuma nemi Within Our Gates na Oscar Micheaux, baƙar fata da ya fitar da nasa a 1920 yana nuna kisan gilla da ake yi wa mutanensa. Shi ma an yi zaton ya ɓace sai da aka samo kwafinsa a Sifaniya. Yaranki a ƙasar nan za su girma, ya kamata uwarsu ta san yadda aka gina hoton baƙar fata a idon makwabtansu.

Tsoronki na ganin abin da bai dace ba, tsoro ne mai kyau, kuma yana da magani. Daga 1934 Hollywood ta tilasta wa kanta wata dokar tace finafinai da ake kira dokar Hays: ba tsiraici, ba doguwar sumba, ba izgili ga malaman addini, mai laifi kuma ba ya cin riba a ƙarshe. (Dokar nan ita ce kuma ta hana nuna soyayya tsakanin baƙi da fari, kin ga ba duka alheri ba ce.) Ta yi aiki har zuwa 1968 da aka maye ta da tsarin haruffan da ke nuna shekarun wanda ya dace ya kalli fim. Saboda haka yawancin abin da za ku kalla na Amurka a tsakanin nan mai sauƙi ne. Inda za ki sa ido shi ne wasu finafinan Turai da kuma satuttukan ƙarshe. Ki ɗauki jerin finafinan tun yanzu, ki duba kowanne a sashen gargaɗin iyaye na shafin IMDb, inda ake bayyana abin da ke ciki. In kin ga wanda ba za ki iya ba, ki rubuta wa malami a wannan satin, cikin ladabi, ki ce saboda addininki kina roƙon a ba ki wani fim na zamani ɗaya a madadinsa, ko a faɗa miki mintocin da za ki tsallake. Ba dole ne ya yarda ba, amma roƙon da aka yi a satin farko ba ɗaya yake da wanda aka yi daren miƙa aiki ba. Amsarsa ma za ta taimake ki yanke shawara kafin ranar farkon nan ta wuce. Hukuncin shari'a kuwa a kan abin da ya shige miki duhu, ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa. Af, ga batun rubutun ƙarshen zango a hannunki: kwatanta dokar Hays da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Da wuya a samu mai irinsa a ajin.

Maigidanki kuma, ki yi masa adalci. Mutum ya shigo ya ga matarsa gaban fim da rana, kuɗin makaranta kuwa ba ƙarami ba, tambayarsa tana kan hanya. Gani ya kori ji: ki nuna masa jerin kwasa-kwasan da kwaleji ta wajabta, ya ga wannan gurbin dole ne a cike shi, ki nuna masa rabon maki, ki gaya masa sakamakon zai shiga jimillar makin da sashen jinya zai duba, kuma shiga sashen nan gasa ce. Ki kuma faɗa masa gaskiya cewa kin zaɓa ne da zaton sauƙi, kin tarar da aiki, kin ƙudura ki yi shi. Ku tsayar da lokuta tare, ko bayan yara sun kwanta ko bayan asuba, ya san a awannin nan kina aji. In satin Charlie Chaplin ko Buster Keaton ya zo, ki kira shi da yaran ku kalla tare, tunda ba magana a ciki ba wanda za a bari a baya. Wanda ya ga littafinki cike da rubutu bayan an tashi, ba zai sake kiran abin zaman banza ba.

Wajen rubutu, kwalejojin nan suna da cibiyar taimakon rubutu kyauta, da yawa har ta Zoom. Ki yi rajista tun kafin babban aiki ya zo. Malami ma yana da awannin ganin ɗalibai, a intanet kuwa ba kowa ke zuwa ba, sai ki samu lokacinsa. Matambayi ba ya ɓata. Kafin ki sayi littafi ko ki biya kuɗin kallon fim, ki tambayi laburaren kwaleji, galibi suna da rajista da shafin kallon finafinai na Kanopy ko makamancinsa, tsofaffin finafinan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kuma suna nan kyauta a Internet Archive. Abu ɗaya da nake roƙonki: kada gajiya ta sa ki kwafo rubutun wani, ko ki sa manhajar nan mai rubuta wa mutane ta rubuta miki ki miƙa da sunanki. Ana bincikawa, hukuncin yana iya shiga fayil ɗinki, kuma mai neman a damƙa mata marasa lafiya ba ta son irin wannan tabon. Turancinki mai ɗan kuskure wanda ya nuna kin kalla da idonki ya fi amfani gare ki.

Akwai halin da zan ce ki sauke kwas ɗin: idan malami ya ƙi ba da madadi kuma akwai finafinai da yawa a jerin da zuciyarki ba za ta ɗauka ba, ko kin zauna kin lissafa kin ga awa taran nan za ta ci lokacin darussan kimiyya da sashen jinya ya fi dubawa. In haka ne, ki je wurin mai ba da shawara kafin ranar farko, ki musanya shi da wani kwas da ke cike gurbi ɗaya, yadda adadin kiredit ɗinki ba zai ragu ba. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki daina shiga shafin ki yi shiru, domin kwas ɗin da aka bari ba a sauke a hukumance ba, F yake zama, wato faɗuwa.

Ki gaishe min da maigidan.